Wanda Ya Rufe Ƙofar Shinge

Da safiyar Asabar aka tsinci motar Lorene Stidham a gindin tsohuwar gadar ƙarfe, ƙofa a buɗe, makulli a jiki, jakarta a kan kujera, ita kuwa ko sama ko ƙasa. Kafin rana ta ɗaga duk garin Tallow Creek ya ji. Abin kunya ne a faɗa, amma ba kowa ne labarin ya ɓata wa rai ba.

Lorene 'yar garin ce, sai dai tun da ta kama aiki da kwalejin birni aka daina lissafa ta cikin 'yan gari. Shekarun baya gwamnati ta rufe makarantar Tallow Creek, ta ce yara sun yi kaɗan, a riƙa kwashe su a bas zuwa wani gari mai nisa. Mutane suka haɗa kai suka buɗe tasu, irin makarantar nan ta yarjejeniya: gwamnati ke ciyar da ita, 'yan gari ke tafiyar da ita, amma doka ta ce sai wata hukuma ta tsaya mata, ta riƙa sa ido, in ta ga ɓarna ta janye hannu a rufe. Kwalejin birni ce ta tsaya wa tasu, Lorene kuma ita ce idon kwalejin. Ranar Litinin mai zuwa manyan kwalejin za su zauna su yanke ko a sabunta yarjejeniyar ko a bar ta ta mutu. Kowa ya san in makarantar ta mutu, garin ma ya kama hanya.

Orval Stidham ƙanen mahaifinta ne, shi ya raine ta bayan iyayenta sun rasu. Tsoho ne dogo mai ƙarancin magana, wanda ya ƙare rayuwarsa yana bin sawun shanun sata da aladun daji a jar ƙasar nan ta yammacin Oklahoma. Yana cikin ba wa kajinsa hatsi aka kira shi. Ya ajiye kwanon a ƙasa, bai ko rufe akurkin ba.

A gada ya tarar da rabin gari sun tattake wurin kamar kasuwar shanu. Kermit Bohannon, ɗan sandan gunduma, yaro ne da Orval ya san ranar haihuwarsa, ya tare shi da saurinsa yana cewa kada ya damu, an riga an kama mutumin. Wani baƙo ne mai suna Eusebio, lebura a rijiyoyin mai, wanda ya kafa tanti a bakin kogi. Sawun takalminsa ya kewaye motar, an kuma sami rigar sanyin Lorene a tantinsa.

Orval ya ratsa mutanen. Ya durƙusa a gefen motar ya daɗe yana kallon ƙasa. Daren jiya ƙwari sun yi yawo a kan sawun tayar, sun bar zanensu siriri kamar ɗinkin allura. Takalmin baƙon kuwa a kan zanen ƙwarin ya sauka. Ashe mota ta kwana a nan kafin shi ya zo. Abin da ya tsaya wa Orval a rai shi ne wajen ƙofar direba. Wanda ya fito daga motar bai taka ƙasa ba ko sau ɗaya. Daga mota ya taka dutse, daga dutse ya haye simintin gada. Mutum ba ya yin haka sai in ya san wanda za a kira ya duba ƙasar.

"Baba Orval, ka ga wani abu ne?" in ji Kermit.

"Na ga an san ni," Orval ya ce.

Rediyon motar 'yan sanda na ta maimaita cewa hadari mai nauyi na haɗuwa daga kudu maso yamma, ana sa ran ruwa da ƙanƙara kafin faɗuwar rana, kuma a shirya wa guguwa mai juyi. Orval ya ɗaga kai. Sama fes take, iska ta tsaya cak, zafi kamar an kifa wa gari tukunya. Ya san irin wannan rana. In ruwan ya sauka, ƙasa za ta shafe duk abin da take riƙe da shi, shi kuma ya koma makaho kamar kowa.

Eusebio na zaune a bayan motar 'yan sanda, hannuwansa a ɗaure. Ya rantse da kabarin uwarsa cewa da asuba ya fito kamun kifi ya ga motar a buɗe. Ya kewaye ta yana kira, ba wanda ya amsa. Rigar kuwa ya ɗauka, wannan bai musa ba, ya ce tasa ta yage ne, Allah ya yafe masa. Da Orval ya tambaye shi ko ya ji wani abu jiya, sai ya ce wajen magariba ya ji ƙarar mota ta tsaya, ya kuma ji haushin kare sau biyu, sai wani ya daka wa karen tsawa a hankali, daga nan shiru.

Kermit ya yi dariya ya ce a gundumar nan karnuka sun fi masu jefa ƙuri'a yawa. Orval ma bai riƙe maganar ba. Hankalinsa na kan kogi, don mutanen da ke tsaye a kan gada duk ruwan suke kallo, shi kuwa ba ya son ya kalla.

Duk da haka sai da ya sauka. Ya bi gaɓa yana duba laka, ya bi ɗaya gaɓar ya dawo. Ba sawun mace, ba alamar an ja wani abu. Rabin safiya ta tafi a nan. Wani ya raɗa masa cewa Clovis, direban bas ɗin makaranta, ya taɓa cewa a shagon kofi in Lorene ta sa aka rufe makarantar, da hannunsa zai jefa ta a kogi. Orval ya je gidansa ya tarar da shi kwance, ƙafa a naɗe da filasta tun ranar Laraba, saniya ce ta take shi. Clovis ya fashe da kuka ya ce bakinsa ne kawai ba shi da linzami, ai shi ya riƙa kai Lorene makaranta tana ƙarama. Orval ya fito ya bar shi da kukansa.

Makarantar na ƙarshen gari, dogon gini na jan bulo, bayansa fili ne da ya gangara har shingen makiyaya. Shugabar, Malama Nadine Purcell, na ofishinta ita kaɗai ranar da ba karatu, tana jera littattafan da tun farko a jere suke.

Ta ce ƙwarai Lorene ta zo jiya Juma'a bayan an tashi yara, kuma ba ta sanar ba. Nan ta tsaya tana nanata maganar kamar ita ce laifin. Tun da aka buɗe makarantar, in ji ta, kwaleji ba ta taɓa zuwa ba sai ta aiko da rana. Sai a yi fenti, a share fili, mata su gasa kek, yara su sa tufafin coci su rera waƙa. Baƙi su zagaya, su ci, su yaba, su koma. Haka ake yi tsakanin mutanen da ke ganin girman juna. Orval ya san haka, don shi ma ya sha riƙe tsintsiya a irin wannan rana, ya kuma ci kek ɗin.

"Me ta zo nema, Malama?"

"'Yan tambayoyi ne kawai. Ni na riga ta tafiya, na bar ta a tsakar gida tana waya."

"Da wa?"

"Ban tsaya ji ba, Orval."

Littafin da ke hannunta ya suɓuce ya faɗi. Orval ya ga ƙarya a fuskarta, amma ƙaryar mai tsoro ce, ba ta mai mugunta ba, kuma bai san inda zai kama ta ba. Ya leƙa ta taga. Ciyawar filin baya ta yi tsayi har gwiwa, bai ɗaya, ba hanya a cikinta. Can ƙarshen gangaren an ajiye wata tirela maƙare da dammunan busasshiyar ciyawa. Malama Nadine ta ce ta Delbert ce, ya kawo wa maruƙan da yara ke kiwo. Orval ya gyaɗa kai ya fita. Idonsa ya gani, amma zuciyarsa ba ta tsaya a wurin ba.

Delbert Yoakum shi ne shugaban kwamitin makarantar, mai shagon abincin dabbobi, kuma abokin Orval tun suna yawo ba takalmi. Shi ya yi ta zarya birni har kwaleji ta yarda ta tsaya musu, shi ya ba da filin da aka yi ginin. Orval ya same shi a gaban shagon kofi, tsaye a bayan a-kori-kurarsa yana rarraba masu nema, duk yana tura su ƙasan kogi. Da ya ga Orval sai ya sauko ya dafa kafaɗarsa.

"Tsohon banza, ka sa wani abu a cikinka kuwa? Kana tafe kamar gawar da aka manta ba a binne ba."

"Kai ma ba ka fi ni kyan gani ba, Del. Ina Rusty?"

Rusty karen Delbert ne, jan kare da tarkon dila ya cinye wa ƙafar baya ɗaya. Shekara da shekaru ba a ganin motar Delbert ba tare da shi a baya ba. Delbert ya ce ya ɗaure shi a gida, tsoron tsawa yake. Yana magana yana ɗaga kai sama, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa. Amma ranar nan kowa sama yake kallo.

A cikin shagon akwai baƙo daga birni, Mista Hargis, ubangidan Lorene a kwaleji, da kwat ɗinsa a wannan zafi. Abin da ya fara gaya wa Orval shi ne ba su ne suka aiko ta ba, yana so kowa ya shaida. Ya ce ta daɗe tana damunsu da cewa ziyarar da aka sanar ba ziyara ba ce, biki ne. Shi kuwa bai ga dalilin zargin mutanen kirki ba. Da ƙafarsa ya sha zagaya makarantar nan, har ɗakin ƙasan da ake ɓoye yara in guguwa ta taso ya shiga, a bushe, da sabon fenti, kuma an tabbatar masa kowane wata ana gwada wa yara shigarsa. Ya ce yana fata dai sunan kwaleji ba zai shiga jarida ba. Orval ya dube shi har sai da mutumin ya sunkuyar da kai ya ce yana fata a same ta lafiya.

Bayan azahar gefen sama ya fara duhu. Orval ya koma gada shi kaɗai, ya zauna a kan dutse, ya zagi kansa. Tun safe yake tambayar ina aka kai ta daga nan, alhali ƙasa ta riga ta gaya masa ba ta taɓa sauka a nan ba. Tambayar ita ce daga ina motar ta fito. Kowa ya ɗauka ta kwalta ta biyo, shi ma ya bi su kamar tunkiya.

Ya tashi ya fita daga inda aka tattake, ya yi ta kewaye yana faɗaɗa da'ira, har ya sami tayar. Ba daga kwalta ta fito ba. Ta wata 'yar hanyar shanu ta ɓullo, wadda ta ratsa makiyaya ta bayan gari. Ya bi ta da ƙafa, yana sauri irin wanda gwiwoyinsa suka daɗe da mantawa. Iska ta fara kaɗawa, mai ɗumi, tana wari kamar jiƙaƙƙen ƙarfe. Tsuntsaye duk sun yi shiru.

Hanyar ta kai shi ga shinge na waya mai ƙaya da ƙofarsa, irin wadda ake ja da ƙarfi a saƙala sandarta cikin zoben waya sama da ƙasa. Ƙofar a rufe take, an saƙala zobban biyu daidai.

Orval ya tsaya. Wanda ya sace mota, yana gudu da laifi a wuyansa, ya tsaya ya buɗe, ya wuce, sannan ya sake tsayawa ya sauko ya rufe. Ɓarawon birni ba zai yi ba, leburan rijiyar mai ma ba zai yi ba. Wannan aikin wanda ya sha bulala ne yana yaro saboda ya bar ƙofa a buɗe shanu sun fita. Hannunsa ke yi, ba sai ya yi tunani ba.

Mutumin ya san ya taka ƙasa mai laushi a nan, don haka ya karyo reshe ya share sawunsa tas, har ya jefa reshen cikin ciyawa. Amma nasa kaɗai ya share. A gefen hanyar, jere da tayar, wani abu ya yi gudu yana bin motar. Da ta tsaya, ya zauna a gindin turken ƙofa, jelarsa ta share ƙura, yana jiran a wuce kamar yadda karen makiyayi ke yi. Orval ya durƙusa ya ɗora yatsunsa a kai. Biyu a gaba, ɗaya a baya. Ya matsa gaba ya sake dubawa. Biyu a gaba, ɗaya a baya.

Kare ba ya bin motar da bai sani ba, sai in mai shi na ciki.

Ya daɗe a durƙushe. Ɗigon farko ya faɗo a kan sawun, mai girma kamar kwabo, ya huda shi.

Sauran hanyar da gudu-gudu ya yi ta. Tayar ta kai shi har tsakar gidan makaranta, inda Lorene ta ajiye motar jiya. Yanzu ya san wanda ya tuƙa, amma bai san inda take ba. Delbert na da rumbuna da tsoffin rijiyoyi da gidajen gona a warwatse ko'ina cikin gunduma. Ba ƙasar da za ta ƙara gaya masa komai, ruwa ya fara zuba. Sai dai a ciro maganar daga bakin mutum.

Hadari ya koro masu nema, duk sun taru a ɗakin cin abincin makaranta, don nan mata suka kawo tukwanen wake da nama da burodin masara. Yara na guje-guje tsakanin tebura. Kermit ma ya shigo da Eusebio, ya zaunar da shi a lungu don ba zai iya tuƙi zuwa hedkwatar gunduma a wannan yanayi ba. Orval ya shigo jiƙe sharkaf, bai cire hula ba.

Ya tsaya a tsakiya ya ce a kwance baƙon nan, rigar sanyi kawai ya sata. Ya faɗi yadda motar ta bi ta makiyaya, da yadda aka rufe ƙofar shinge. Da ya faɗi wannan, maza suka fara satar kallon juna, don kowa a ɗakin ya san da shi ne ma da ya rufe. Sannan ya juya ga abokinsa.

"Del, ka share naka. Ka manta da na Rusty."

Delbert ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Ya ce kare ai yawo yake, wa ya isa ya hana shi shiga makiyaya. Ya ce baƙin ciki ne ya taɓa wa Orval ƙwaƙwalwa, a ba shi kujera da kofi. Wasu suka goyi bayansa da gunaguni. Wata mata ta ce bai kamata a ci mutuncin wanda ya gina makarantar nan a cikinta ba, saboda yarinyar da ta zo rufe ta.

"Ban tambaye ka dalili ba," in ji Orval. "Ina take? Tana da rai?"

Delbert ya kau da kai. Taga yake kallo, inda ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya, yana gangarawa filin baya. Hasken waje ya koma kore-kore. Ƙanƙara ta fara dukan rufin kwano.

Sai jiniyar gari mai gargaɗin guguwa ta ɗauka.

Wanda bai taɓa jin wannan kuka ba ba zai san yadda yake tsinka hanji ba. Uwaye suka suri 'ya'yansu suka nufi ƙofar baya, wadda ke fita filin da ɗakin ƙasa yake. Mista Hargis na gaba yana cewa a bi shi, ya san wurin. Malama Nadine ta riga su, ta tare ƙofar da hannuwanta biyu, fuskarta fara fat.

"Ba a shiga. Don Allah ku kai su barandar tsakiya su kwanta. Ba a shiga ɗakin nan."

Sai maganar ta ɓalle mata gaba ɗaya. Ta ce ɗakin a kwari aka haƙa shi, duk ruwan filin can yake taruwa, in aka yi ruwa mai ƙarfi cika yake har baki. Shekaru ke nan ba yaron da ya taka shi. In kwaleji ta aiko da rana, Delbert kan kawo injin ya zuƙe ruwan, a yi fenti. Jiya Lorene ta ga ba hanyar ƙafa a cikin ciyawar, ta ce yara ba sa shiga wuri kowane wata su bar ciyawa a tsaye, sai ta nemi makulli. Ita kuwa ta ce mata makulli na wurin Delbert, ta gudu gida.

Ciyawar da ba hanya a cikinta. Tirela a ƙarshen gangare. Sai yanzu Orval ya gane. Da safe ya tsaya a taga yana kallon wurin, ya juya ya tafi.

Delbert ya zame ya zauna a ƙasa. Ya ce jiya da Lorene ta kira shi ya zo ya buɗe mata ɗakin, tana sauka ya rufe murfin ya ja tirela kai. Ya ce shi dai zuwa Litinin yake so, a sa hannu kawai, sannan ya buɗe mata ya durƙusa ya roƙe ta. Ya ce ya zura mata ruwan sha da biskit ta bututun iska. Ya ce da ya ga an kira 'yan sanda sai ya rasa yadda zai yi. Abin da zai biyo bayan Litinin kuwa bai taɓa tunaninsa ba, don mai tsoro iyakar ganinsa gobe.

Orval bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya cusa hannu a aljihun Delbert ya zaro makullai, ya jefa wa Kermit na mota, ya fita cikin ruwan.

Filin ya zama tafki. Ƙanƙara na dukansa a kai da kafaɗa, jiniya na kuka, can kudu kuma wani baƙin abu ya zuro daga cikin hadari yana lilo, yana ruri kamar jirgin ƙasa. Kermit ya kawo a-kori-kurar da baya, tayoyi na juyawa a banza cikin laka. Eusebio ne ya faɗa ƙarƙashi ya saƙala tirelar, sauran mazan suka sa kafaɗa. Da kyar ta motsa. Ƙarƙashinta ga murfin ƙarfe a kwance da ƙasa, da kwaɗo, ruwa na malala ta gefunansa yana shiga.

Orval ya zura makullin, ya ƙi shiga. Ya buga murfin da tafin hannu yana kiran sunanta. Ba amsa. Ya sake gwadawa, kwaɗon ya buɗe, mutum uku suka ɗaga.

Tana kan matakalar ƙarshe ta sama, a takure, kanta a karkace don ya sami wuri ƙarƙashin murfin, ruwa ya kai mata ƙirji. Takalmi ɗaya na hannunta, diddigensa ya cinye saboda bugun ƙarfe. Idonta a buɗe. Orval ya kama ta ta hammata ya jawo ta waje, ya rungume ta kamar ranar da aka kawo masa ita tana 'yar mitsitsiya. Bakinta na motsi, murya ta tafi. Ya kai kunnensa.

"Baffa, kada ka bari su kawo yaran nan."

Ya ce mata ba za a kawo su ba. Mutanen da suka biyo shi suna tsaye a bakin ramin, suna kallon jan ruwan da ya haɗiye matakalar da ta tashi a kai. Akwai iyaye a cikinsu. Mista Hargis ma na nan, kwat ya manne masa a jiki.

Suka ɗauke ta da gudu zuwa barandar tsakiya, suka kwanta rub da ciki a kan yaran har rurin ya wuce. Guguwar ta bi ta kudancin gari, ta tuge turakun wuta, ta yaye rufin wani rumbu, ta bar makarantar a tsaye. Ba dabarar kowa ba ce, ba kuma don sun cancanta ba.

Ranar Litinin manyan kwaleji sun zauna, Lorene ta je da muryarta a dishe ta faɗi abin da ta gani, nasu laifin ma ba ta rage musu ba. Ba a rufe makarantar ba, amma an rushe kwamitin, an ce ba yaron da zai koma aji sai an gina sabon ɗaki a kan tudu, kuma daga ranar kwaleji ta daina aiko da rana. Akwai waɗanda har yau ba sa gaishe da Lorene a shagon kofi. 'Ya'yansu kuwa suna nan da ransu.

Delbert tun yammacin Asabar ɗin Kermit ya tafi da shi, a kujerar da Eusebio ya wuni. Da gari ya waye, Orval ya tuna akwai wanda aka bari a ɗaure. Ya tuƙa zuwa gonar Yoakum, ya sami Rusty a ƙarƙashin rumfa, jiƙe, ba ruwa ba abinci, yana kallon hanya. Ya kwance shi. Karen ya yi tsalle da ƙafafunsa uku ya haye bayan mota. A bakin shinge Orval ya tsaya, ya sauko, ya ja ƙofar gonar da ba kowa a cikinta, ya saƙala zoben sama da na ƙasa, sannan ya tafi.